Baƙin Tsingaro Biyu a Gindin Aduwa

Ku 'yan matan da aka turo mini daga ajin yaƙi da jahilci don ku koyi ginin tukwane, na ji abin da ɗayarku ta faɗa ranar Talata a bakin ƙofa, wai wasan ƙasa ne aka sa masa suna sana'a. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ce ranar da aka fara miƙo mini yumɓu. Malamarku ce ta ce in rubuta abin da na sani, tunda in ina magana hankalina rabi yana wajenku rabi yana wajen goyo. Karatuna aji huɗu ne, shi ma ban ƙarasa ba. In kun ga rubutu ya karkace, ku miƙe shi da kanku.

Tukunyar farko da na gina kwananta biyu a duniya. Gwaggo Dije, yayar uban maigidana, ita ta koya mini bayan an kawo ni ƙauyen nan namu na tsakanin Yako da Ɗansoshiya. Ta ɗaga tukunyar, ta juya ta, ta ce, "Hanne, wannan ta miya ce ko ta wanka?" Na ce ta miya. Ta ce, "To ina miyar za ta zauna, gindi yana kallon Zariya baki yana kallon Kano?" Ta jefa ta ramin kwaɓi ta zuba mata ruwa. Wata shida na yi ba abin da nake yi sai ɗauko yumɓu daga bakin rafi, da dakan tsingaro, wato fasassun tukwane, ana haɗawa da yumɓun don kada ya tsage a wuta.

Kayan aikin duk ƙwarya ɗaya za ta ɗauke su. Dutse mai santsi da ake tokarawa daga ciki, ɗan faffaɗan katako na bugu daga waje, tsumma, guntun sakaina na kankara, totuwar masara ta zane, da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare ana goge jiki da su ya yi sheƙi. Sai tsohuwar tukunya da ake kifewa a gina gindin sabuwa a bayanta, a barbaɗa toka kada su manne. Yumɓu kuwa da haƙori ake gwada shi. In ya yi ƙaras-ƙaras da yawa, yashi ya yi masa yawa, ki tofar ki matsa gaba.

Gwaggo tana da wata ɗabi'a da ta dame ni a lokacin. In muna tafiya kasuwa sai ta tsinci tsingaro a hanya ta miƙo mini, ta ce, "Na mece ce, kuma ginin wa?" Ga kaya a kaina, ga rana. In na ce ban sani ba, sai ta ce to ba ni da hannu tukuna. A hankali na gane. Randa kaurinta babban yatsa ne, lanƙwasarta kuma a buɗe take kamar bayan faifai. Tukunyar kunu ba ta kai ɗan ƙaramin yatsa ba, gutsurenta yana kwanciya a tafin hannu. Gwaggo sau biyu take mirgina totuwa a wuyan tukunya. Ni sau ɗaya, sai in danna farce a ƙarƙashin leɓe. Ba don ado ba. Kullum ina sauri ne in je in duba ko yarinya ta farka.

Masu saye iri-iri ne. Akwai matar da za ta ƙwanƙwasa tukunya goma ta kasa kunne, ta tafi ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Akwai matan Fulani, su ƙaramin baki suke so. Akwai masu waina da ke zuwa neman tanda suna zagin ta bara. Sai kuma wasu da ba sa ƙwanƙwasawa, ba sa ciniki, gaisuwarsu ma gajera ce. Maza ne, biyu ko uku, su tsaya a ƙofar gida ƙafafunsu da ƙura. Da kin gan su kin san an yi rashi.

A wajenmu ba a cika rufe kabari da itace ba, gara tana cinyewa. Tukwane ake rabawa biyu a jera a kan ƙaramin ramin da aka kwantar da mamaci, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a mayar da ƙasa. Babba randa uku ko huɗu yake ci. Yaro tukunya ɗaya ta ishe shi. In an gama sai a ɗauki guntu ɗaya a kafa a wajen kai. Ba suna, ba rubutu. Mu mata ba ma zuwa. Tukunyarmu ce take zuwa.

Randar da ta fi ba ni wahala ita ce ta Baba Likita. Bature ne tsoho, dogo, wuyansa ja, yana yi wa shanun Fulani allura tun daga rugagen Kiru har dajin Doguwa. Fulatancinsa ya fi Hausarsa. Mutumin wata ƙasa ne da ake ce wa Hungari, ya ce sojojin waje ne suka shigo musu da motocin yaƙi, ya gudo ya bar mata da jaririya, kuma in ya koma ɗaure shi za a yi. Randa yake so mai gumi. Ya sa tukunya a cikinta, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya ajiye maganin allura a ciki don firijinsa mai kananzir ba ya jin magana. Sau uku ina ginawa yana dawo da ita. Ta huɗu na ƙara ƙaiƙayi a kwaɓin, na bar goge ta da 'ya'yan kuka. Ya shafa jikinta ya ji danshi, ya ce, "Yauwa, 'yata. Wannan ta fi firiji hankali."

Lokacin ina goyon 'yar fari. Ba zan rubuta sunanta ba, kun san ba a faɗa. Duk zuwan da zai yi sai na juyo masa bayana na ce ya taɓa goshinta.

"Ni likitan shanu ne, Hanne."

"Ai ita ma nono take sha, Baba Likita."

Sai ya taɓa, ya ce haƙori ne. Kullum haƙori ne. Na lissafa, da maganarsa gaskiya ce da yarinyar ta fi kada haƙora.

Wata rana babur ɗinsa ya ƙi tashi, ya zauna a inuwar ƙofarmu yana jiran mai gyara. Ya ciro wani littafi daga jaka, duk ya sha hannu. Na ɗauka hotunan danginsa ne. Ashe kaburbura ne. Littafi guda, tun daga farko har ƙarshe, kaburburan manyan ƙasarsu. Ga mutum na dutse zaune a kan kabarinsa ya yi tagumi. Ga wani an ɗora masa zaki. Ga wani gini ya fi masallacin Juma'armu girma, wai mutum ɗaya ne a ciki. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Wannan da nauyin nan a kansa ta ina zai tashi ranar tsayuwa?"

Ya yi dariya, ya dinga buɗe mana yana bayani. Ya nuna wani ya ce likita ne, shi ya fara cewa masu karɓar haihuwa su wanke hannu kafin su taɓa mace, don ya lura ƙazantar hannu ce ke kashe masu jego. 'Yan'uwansa likitoci suka ce ya zare, ya ƙare a gidan mahaukata a wata ƙasa. Bayan ya mutu aka gane gaskiyarsa, aka tono shi aka kawo gida. Aka ga wurin bai dace da girmansa ba, aka sake tonowa. Aka kuma.

Na ce, "Don ya ce a wanke hannu?"

Ya ce, "Don ya ce a wanke hannu."

Ya nuna wani makaɗi da ya yi ta yawo ƙauyuka yana tattara waƙoƙin manoma, ya mutu a hayin teku, ya ce har lokacin yana can ba a kawo shi ba. Sai wani mawaƙi saurayi da ya tafi yaƙi ba a sake ganinsa ba, shi ba kabari, sai gumakansa a kowane gari. A ƙarshe akwai wata takarda da ya liƙa da kansa, hoton wani mai gilashi da gashin baki. Ya ce shugabansu ne na lokacin rigimar, an rataye shi, ba wanda ya san inda aka sa shi, ko sunansa ba a yarda a faɗa ba.

Na ce, "Baba Likita, ku a ƙasarku mutum ba ya hutawa ko ya mutu?"

Ya ce, "Ƙarami yana hutawa. Babba ne ba ya hutawa." Ya rufe littafin. "Ni ƙarami ne. Inda na faɗi nan zan kwana."

Gashin tukwanen da ya ɓaci shi ne na shekarar mutuwar shanu, kafin canjin kuɗi. Ciwon bushiya ya shiga rugage, garke guda ya kwanta cikin mako. Ku ba ku san da kashin shanu muke gasa tukwane ba, busasshe, a jera shi da kara a lulluɓe da ciyawa, wutarsa ta ci a hankali. Shekarar nan Baba Likita ya sa ana ƙone mushe da duk inda suka kwanta, kashin shanu ya ɓace. Damina kuma ba ta yi ba, karan da aka samu dabbobin da suka rage ake ba. Idon Gwaggo ya fara rufewa, gashi ya dawo hannuna ni kaɗai. Wani ya ce ɓuntun shinkafa yana yi. Na sa aka kawo mini buhu shida a jaki daga Tudun Wada. Ban sa hannu can ciki na ji ba. Da danshi.

Wutar ba ta ci ba, hayaƙi kawai ta yi ta yi. Da na buɗe, tukwanen sun gasu, suna ƙara in an ƙwanƙwasa, amma baƙi ƙirin kamar gawayi. Randa huɗu, ƙananan kuma goma sha wani abu. Tunda ake gini a ƙauyen nan ba a taɓa fitar da irinsu ba, kuma ban sake ba. Na kai kasuwar Kafin Maiyaki. Wata ta ce ruwa zai yi warin hayaƙi. Wata ta ce, "Baiwar Allah, sabbi ne ko gobara kuka yi?" Na sayar da kaɗan ga wata mai rini, sauran na dawo da su na jera a bayan ɗaki.

Ba a yi wata ba Ardo Buba ya zo da kansa, ƙafafunsa da ƙura. Ya ce zazzaɓi ya kwantar da Baba Likita a rugarsu kwana uku, da hantsin nan ya cika. Zafi ake yi, kafin saƙo ya je Kano ya dawo gawa ba za ta jira ba.

"Randa huɗu nake so, 'yar Gwaggo."

"Ardo, baƙaƙe ne suka rage."

"Shi ba zai duba ba."

Liman ya ce ba za a sa shi cikin maƙabarta ba, amma ba za a yar da mutumin da ya yi wa jama'a wahala ba. Ya ce a kai shi can gefe, gindin aduwa, nan ba maƙabarta ba ne. Fulani suka ɗauke shi a kafaɗa. Ranar Juma'a ce.

Ƙyanda ta riga ta shigo gari. Yara suka yi ta tafiya har maƙabartar ta cika ta tumbatsa zuwa wajen aduwar. Yarinyar tawa ta tafi ranar Talata. Maigidana yana ci-rani a kudu. Surukina Malam Audu ya zagayo bayan ɗaki ya tsaya gaban tukwanen. Na zaɓi tukunyar kunu a cikin baƙaƙen, na ƙwanƙwasa ta, don hannu ya saba. Ba ta da tsaga. Na miƙa masa. Bayan bakwai na koma kwaɓi. Ban tambaye shi inda ya sa ta ba, 'yar fari ce, uwa ba ta irin wannan tambayar. Da damina shi ma ya rasu.

Shekara goma sha ɗaya a tsakani ba abin da zan faɗa muku sai tukwane. Roba ta shigo, tulu ya ja baya, tanda da kaskon turare suka riƙe mu. Gwaggo ta makance gaba ɗaya amma tana gane ginina da hannu tana kushewa. Na haifi huɗu. Duk wanda jikinsa ya yi ɗumi sai na goya shi na tafi asibitin sha-ka-tafi a ƙafa, har ma'aikacin wurin ya ce in an ba shi dama zai sa mini gado a baranda.

Ran nan ina goge kasko sai ga farar mota a ƙofar gida. Baturiya ce, doguwa, da hancin Baba Likita sak. Tare da ita akwai tafinta, wani mutumin Kano mai agogo da ya yi karatu a ƙasarsu. Ya ce sunanta Marika, Gwaggo ta mayar da ita Mariya nan take. Ita ce jaririyar da aka bari. Fulani ne suka gaya mata ubanta yakan zauna a inuwarmu.

Na shimfiɗa tabarma. Ta ciro littafi daga jaka, na gane shi tun kafin ta buɗe, sai dai wannan sabo ne kuma ya fi kauri. Na ce wa tafinta ya tambaye ta makaɗin nan na hayin teku. Ta zaro ido, ta ce an kawo shi gida, da jirgin ruwa. Na ce mai gilashin fa? Ta ce mulki ya canja, an je an nemo shi a can ƙarshen wata maƙabarta cikin ciyawa, a kife, an ɗaure shi da waya, an rubuta sunan wata mata a takardarsa. An sake yi masa jana'iza, gari duk ya fito. Na ce saurayin da ya tafi yaƙi? Ta ɗan yi dariya, ta ce wasu sun tafi wata ƙasa mai sanyi sun tono ƙasusuwa sun ce shi ne, masana suka duba suka ce na mace ne.

Gwaggo ta ce, "Ita matar an mayar da ita?"

Tafinta bai juya wannan ba.

Sannan ya yi mana bayanin abin da ya kawo su. Ashe Baba Likita babban malami ne a fannin ciwon dabbobi kafin ya gudo, an share sunansa daga littattafai, yanzu an mayar. An ware masa wuri a cikin manya, an sassaƙa dutse, shi kaɗai ake jira. Suna da takarda mai hatimi, da akwatin ƙarfe a bayan mota.

"Aikin ma ya zo da sauƙi," in ji tafinta. "Tudun kaburburan duk ya baje, shanu sun tattake. Amma Malam Sale mai haƙa ya tuna baƙin tsingaro aka kafa masa. Mun je mun gani. Gobe da safe za a tona."

Na ce, "Guda nawa kuka gani?"

"Ɗaya mana."

"Yaya kaurinsa?"

"Hajiya, tsingaro ai tsingaro ne."

Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Lissafi nake yi. Baƙaƙen tukwanena sau biyu suka je gindin aduwa, kwana huɗu a tsakani. Su kuma ɗaya suka gani.

Da gari ya waye na goya Auta, na bar wa Gwaggo sauran, na tafi ƙofar Liman. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, na ce ina so in je wajen tonon.

"Hanne, mace ba ta bin maƙabarta."

"Allah gafarta Malam, ai Baturiyar tana can."

"Ita da takarda ta zo. Ni ban so tonon nan ba, kowa ya sani."

"Allah gafarta Malam, ranar da za a binne Likita an ce ka ce gindin aduwa ba maƙabarta ba ne."

Ya daɗe yana jan carbi. "Haka na ce?"

"Haka aka ce ka ce."

"To ki bi ta gefen gona. Kuma ban da kuka."

"Ba kuka zan je yi ba. Tukunyata zan duba."

Na tarar an share ciyawa. Maza kusan ashirin, da 'ya'yan Ardo, shi Ardon ya rasu. Mariya tana tsaye ta ɗaura ɗankwali wani iri, akwatin ƙarfe a gefenta a buɗe, an shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Malam Sale ya riga ya sara diga sau biyu. Tsingaron ya cire shi ya jingina da saiwar aduwa.

"Ke kuma, Hanne, me ya kawo ki cikin maza?"

"Baba Sale, miƙo mini abin can."

"Sauri muke yi, rana tana yi," in ji tafinta yana duba agogo.

Malam Sale ya miƙo. Na tofa masa yawu na goge da bakin zane. Totuwa sau ɗaya, ga farcena a ƙarƙashin leɓe. Ginina ne. Na ɗora shi a tafin hannu. Ya kwanta daidai. Bai kai ɗan ƙaramin yatsana kauri ba.

Na ce, "Wannan tukunyar kunu ce."

"To sai me?" in ji tafinta.

"Baba Sale, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga zaure, da tukunyar kunu kuka rufe shi?"

Ya dubi tsingaron, ya dubi saran da ya yi. Na ga yana motsa baki yana lissafi. Sai ya saki digar ta faɗi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikar Malam Audu. Ni na haƙa. Wallahi ni na haƙa, ya zo da ita a hannu cikin tabarma." Ya juyo. "Taki ce, Hanne."

Na ce, "Na sani."

Ban sani ba sai a lokacin. Amma abin da na ce ke nan.

Tafinta ya yi ta magana da Mariya da yarensu. Ta sa hannu ta rufe baki. Ni kuwa na ce wa 'ya'yan Ardo su nemi wani baƙin, mai kaurin babban yatsa, mai faɗin leɓe. Suka bazu suna tona ciyawa da sanda. Ba a jima ba ɗaya ya ce ga shi. Taki huɗu daga nan, ta arewa, a kwance, ƙasa ta kusa shanye shi. Leɓen randa ne. Ban ma goge ba.

Mariya ta matso ta sa tafinta ya tambaye ni ko na tabbata nan ubanta yake.

Na ce, "Na tabbata wannan randar da shi ta tafi. Amma a kwance aka same shi, ba a kafe ba. Tukunyata na sani. Inda ƙafar saniya ta kai ta cikin shekara goma sha ɗaya ban sani ba. Kuma yaran da aka sa a nan a wancan makon suna da yawa."

Malam Sale ya ce haka ne, shi dai ba zai sake sara ba sai an rantse masa.

Ta rufe akwatin ta zauna a kai. Auta ya fara mutsu-mutsu, na sa hannu ta baya na taɓa wuyansa, lafiya lau. Can ta ɗago ta yi tambaya. Tafinta ya ce wai yaya sunan yarinyar, tana so ta rubuta.

Na ce, "Ba a faɗa."

Da ya juya mata sai ta gyaɗa kai da ƙarfi, ta ce ta gane, su ma shekara talatin da wani abu akwai sunayen da ba sa faɗa sai a cikin ɗaki, har da na ubanta. Ta ce wace hukuma ce ta hana ni?

Na ce ya gaya mata ba hukuma ba ce. Kunya ce. 'Yar fari ce.

Ya yi ta bayani da hannu da baki. Ban ga alamar ta gane ba. Amma ta mayar da alƙalamin jaka.

Ba a tona ba. Ta ce a cikin manyan nasu akwai waɗanda ƙasa kawai aka kawo daga inda suka faɗi aka binne, kuma ana kai musu furanni kamar kowa. Ta ce ko ina da ƙaramar tukunya mai murfi. Akwai ɗaya da ta rage daga baƙin gashin nan, gishiri nake zubawa. Na aika aka juye gishirin aka kawo. Ta durƙusa ta cika ta da hannunta daga wajen leɓen randar, babban ɗan Ardo ya ƙara mata tafi ɗaya. Akwatin ƙarfen da aka yo don dogon mutum ya koma da tukunyar gishiri a tsakiya, an tokare ta da ƙyalle.

Malam Sale ya mayar da ƙasar sara biyun ya daddaɓe da tafin hannu. Ya ɗauki ƙaramin tsingaron zai kafa, sai ya fasa, ya miƙo mini. Na kafa shi da kaina, na danna sosai yadda saniya ba za ta ture ba. Daga jikin aduwa taki bakwai ne, in kin ba gabas baya.

Bayan shekara hoto ya zo ta hannun tafinta. Dutse ne fari, an sassaƙa fuskar Baba Likita, ga furanni. Sun rage masa hanci. A ƙarƙashin dutsen aka ce tukunyar take, tsakanin wani babban malami da wata mai wasan kwaikwayo. Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Baƙar nan da ta ƙi sayuwa a Kafin Maiyaki?" Na ce ita. Ta ce, "Gindinta ma a karkace yake."

To kun ji. Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗebo yumɓu, kowacce ta zo da kwando da gammo. A hanya zan tsinci tsingaro in miƙa muku, wadda ta ce mini tsingaro ai tsingaro ne ta koma gida. Ba bakin rafi za mu ba. Tun shekarar nan na koma ɗiba a kududdufin da ke bayan aduwa, ta gefen gona. Ya fi nisa, kuma za ku ji shi a haƙori, yashi ya yi masa yawa, sai an tankaɗe. Na sani, ba sai kun gaya mini ba. In mun zo daidai bishiyar zan tsaya in gyara goyo. Ku wuce, zan same ku.